Abincin Girkawa da abin shansu a bukukuwan hunturu: tambayoyi da amsoshi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, ƙamshin kirfa da kanumfari da ɓawon lemu ne ke tashi daga gidajen Girkawa da shagunan burodinsu. Mutanenmu da karatu ko kasuwanci ya kai ƙasar Girka, da waɗanda ke shiga gidajen abincin Girkawa a Landan ko Dubai, kusan tambayoyinsu iri ɗaya ne: me ake ci, me ake sha, wanne zan iya taɓawa, wanne zan bari. Ga amsoshin.

Yaushe ne bukukuwan, kuma kwana nawa ake yi?

Girkawa na yin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba. Mutane kan ɗauka sai 7 ga Janairu, tunda 'yan Otodoks ne kamar Rashawa da Habashawa da Ƙibɗawan Masar, amma cocin Girka ta koma sabuwar kalanda tun 1924. Bikin kwana goma sha biyu ne, suna kiransa Dodekaimero, daga Kirsimeti har 6 ga Janairu, ranar da limaman coci ke jefa gicciye a teku ko kogi, samari su yi tsalle cikin ruwan sanyi su ɗauko. A tsakiya akwai 1 ga Janairu, wadda a al'adarsu ita ce ranar ba yara kyauta.

A jajibirin Kirsimeti da na sabuwar shekara da na 6 ga Janairu, yara na bin gida-gida da shago-shago da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku suna kaɗawa suna waƙa, a ba su kuɗi ko kayan zaƙi. Sunan abin kalanta. Duk wanda ya yi tashe yana yaro zai gane shi nan take.

Da gaske ne suna azumi kafin Kirsimeti?

Gaskiya ne, kuma wannan ita ce amsar da ta fi kowacce amfani ga Musulmi a ƙasar. Azumin kwana arba'in ne, daga 15 ga Nuwamba zuwa jajibirin Kirsimeti. Ana ci ana sha da rana, abin da ake ƙaurace wa shi ne nama da ƙwai da madara da duk abin da aka yi da su. Kifi an yarda da shi a yawancin kwanakin farko. Ba kowa ke kiyaye azumin duka ba, musamman matasan birni, amma ƙarnukan da aka ɗauka ana yinsa sun haifar da girke-girke masu yawa da babu nama a cikinsu ko kaɗan. Sunansu nistisima, kuma za ka ga kalmar a jikin takardar abinci da a shagunan burodi.

A nan ne, a ganina, gwanintar Girkawa ta fi fitowa. Fasolada miyar farin wake ce da karas da seleri da tumatir da man zaitun mai yawa, Girkawa da dama na kiranta abincin ƙasa. Gigantes manyan wake ne da ake gasawa cikin tumatir har su yi laushi, waɗanda suka fi suna kuwa na yankin tafkunan Prespa ne a arewa. Akwai spanakorizo, shinkafa da alayyahu da ake matsa wa lemon tsami a kai. Akwai miyar adas da ake ɗiga wa ruwan kal. Akwai revithada ta tsibirin Sifnos, waken da Larabawa ke yin hummus da shi, wanda ake barinsa cikin tukunyar ƙasa a tanda ya kwana yana dahuwa. Lokacin kuma ya zo daidai da girbin zaitun, saboda haka man da ake zubawa sabo ne, kore, har yana ɗan yi wa mutum yaji a maƙogwaro.

Abu ɗaya a kula: nistisima na tabbatar maka babu nama babu kitsen dabba, amma bai hana giyar inabi shiga girki ba. Oktobus, wata dabbar teku mai hannaye takwas, alal misali, sau da yawa da giya ake dafa ta.

Me ake ɗorawa a teburi ranar Kirsimeti?

A gargajiyance, naman alade. Gara a faɗa ƙarara. A ƙauyuka kowane gida kan yi kiwon alade ɗaya a shekara, a yanka shi dab da Kirsimeti, a ci wani, a kyafe wani, a adana wani cikin kitse don sauran hunturu. A yankin Tesaliya har biki ake yi na yankan. Daga nan aka samu apaki na tsibirin Kirit, da siglino na yankin Mani, da luza na tsibiran Kikladis. Duk waɗannan sunaye alade ne. Haka yaprakia na garin Kozani, ganyen kabeji mai tsami da ake naɗe niƙaƙƙen nama da shinkafa a ciki, galibi da alade ake yinsa.

A birane talotalo ya samu wuri sosai. Ana cusa masa shinkafa da zabibi da niƙaƙƙen nama da kastana, wata ƙwaya mai ɓawo ruwan ƙasa da ake kuma gasawa a bakin titi lokacin sanyi. Wasu gidajen rago ko ɗan akuya suke gasawa da dankalin Turawa da lemon tsami. Sannan akwai miyar kaza ta avgolemono, wadda a wurare da yawa ita ake fara sha bayan an dawo daga coci, don cikin da ya daɗe bai ga nama ba ya saba a hankali. Ga kuma burodin bikin, Kristopsomo, mai ɗan zaƙi, da gicciyen ƙullu a samansa.

To Musulmi fa, me zai ci, me zai guje wa?

Abin ci ya fi abin gudu yawa nesa ba kusa ba, sai dai dole mutum ya san inda haram ke ɓuya. Giros da tsiren suvlaki da ake sayarwa a titi, idan ba a ce na kaza ba ne, to alade ne, ko da kuwa giros ya yi kama da shawarmar da ka sani. Tsiran Turawa da suke kira lukaniko shi ma haka. Niƙaƙƙen naman keftedes wani lokaci haɗin shanu da alade ne. Musaka da pastitsio da stifado da naman shanu ko rago ko zomo ake yi, amma masu girki da yawa na zuba giyar inabi a miyar. Jatan lande da ake soyawa da tumatir da cuku kuma akan ɗiga masa uzo, wata barasar Girkawa.

Kalmomi kaɗan sun wadatar: hirino alade ne, arni rago, moshari naman shanu, kotopulo kaza, psari kifi, krasi giyar inabi. Idan ka ce "horis hirino" ko "horis alkool", wato ban da alade, ban da barasa, za a fahimce ka, kuma Girkawa ba sa jin haushin a tambaye su abin da ke cikin tukunya. Sau da yawa ma mai gidan abincin zai ja ka har kicin ka gani da idonka.

Naman halal ana samunsa a Atina, a shagunan 'yan Fakistan da Bangaladash da Misirawa da ke kewayen dandalin Omoniya. A yammacin Tirakiya da ke arewa maso gabashin Girka, garuruwan Komotini da Kisanti, akwai Musulmi 'yan ƙasa da masallatansu da mahautansu. Atina ta samu masallacinta na hukuma a unguwar Votanikos a 2020. Batun yankan Ahlul Kitabi kuwa, malamai sun yi magana mai tsawo a kai, kowa ya tambayi malaminsa. Wanda ke son kauce wa shakka gaba ɗaya, kifi da wake da cuku da kayan lambu sun ishe shi ya ci ya ƙoshi kullum.

Mene ne melomakarona da kurabiyedes da ake ta maganarsu?

Su ne kayan zaƙin bikin, kuma ba gidan da za ka shiga a Disamba ba a miƙo maka farantinsu ba. Girkawa har gardama suke yi kowace shekara kan wanne ya fi.

Melomakarona da mai ake kwaɓa shi, da ruwan lemu da kirfa da kanumfari, a gasa, a tsoma cikin ruwan zuma, a barbaɗa dakakken wolnot. Ba ƙwai ba madara, shi ya sa masu azumi ke cinsa. Kurabiyedes kuwa bota ce zalla da soyayyen almon, a yayyafa ruwan wardi, a binne shi cikin garin sukari har ya yi fari fat. Na ƙauyen Neya Karvali kusa da Kavala sun yi suna. Mutanen wurin zuriyar 'yan gudun hijira ne daga yankin Kafadokiya na Turkiyya da suka zo bayan musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya a 1923. Ni dai melomakarona nake zaɓa, domin yana ƙara daɗi idan ya kwana biyu, zumar ta ratsa shi har ciki. Na ukunsu diples, siririn ƙullu da ake soyawa a naɗe a zuba zuma, ya fi yawa a kudancin ƙasar.

Tarkon a nan shi ne, girke-girke da yawa na duka biyun suna ɗauke da ɗan kofin burandi ko uzo. A tambaya kafin a saya, ko a yi a gida.

Za a iya yin melomakarona da kayan da muke da su?

Ƙwarai kuwa. Uwargida, ki samu kofi ɗaya na man zaitun, ko rabi zaitun rabi man gyaɗa mara ƙamshi, da rabin kofin sukari, da rabin kofin ruwan lemon zaƙi da kika matse, da gogaggen ɓawon lemu ɗaya, da ƙaramin cokali na kirfa, da ɗan dakakken kanumfari. Ki narkar da rabin ƙaramin cokali na bakar soda cikin ruwan lemun, zai yi kumfa, sai ki juye a kan man. Ki zuba fulawa wajen kofi uku da rabi zuwa huɗu tare da ƙaramin cokali na bakin hoda, ki haɗa da hannu a hankali.

Kada ki murza shi irin na burodi. Da zarar ya haɗu ki tsaya, in ba haka ba man zai fito, abin ya yi tauri. Ki mulmula su dogaye-dogaye daidai cikin tafin hannu, ki ɗan danna bayan cokali mai yatsu a kai, ki gasa a wuta mai maki 180 na minti 20 zuwa 25.

Ruwan zumar tun farko ake yinsa don ya huce: kofi ɗaya na ruwa, ɗaya na sukari, da sandar kirfa, su tafasa minti biyar, a sauke sannan a zuba kofi ɗaya na zuma. Ƙa'idar ita ce mai zafi cikin mai sanyi. Suna fitowa daga tanda ki tsoma su na 'yan daƙiƙoƙi, ki juya, ki tsame. Idan ba wolnot, soyayyar gyaɗa ko yazawa da aka daka sama-sama ta yi, kuma zumarmu ta daji ba ta da abin jin kunya a gaban ta kowa.

Yaya ake miyar avgolemono ba tare da ƙwan ya dunƙule ba?

A dafa kaza da albasa da karas, a tsame naman, a dafa 'yar shinkafa cikin romon. A kaɗa ƙwai biyu sosai, a zuba ruwan lemon tsami. Sai a riƙa ɗibar romo mai zafi da ludayi ana zubawa cikin ƙwan kaɗan-kaɗan ana kaɗawa ba tsayawa, har ƙwan ya ɗau zafi. A sauke tukunyar daga wuta, a juye, a gauraya. Kada ta sake tafasa. Lemon tsaminmu ya fi nasu ƙarfi, a rage yawansa.

Me ya sa ake sa kuɗi cikin kek ɗin sabuwar shekara?

Sunan kek ɗin vasilopita, don tunawa da Basil, bishop ɗin Kaisariya a ƙarni na huɗu, garin da yau ake kira Kayseri a Turkiyya. Labarin da ake bayarwa shi ne, an tara zinariya da kayan adon mutanen gari don biyan wani azzalumin mai mulki, sai kayan suka tsira, aka rasa yadda za a mayar wa kowa nasa. Basil ya sa aka toya burodi aka cusa kayan ciki aka raba, kowa ya tarar da abinsa.

Yau tsabar kuɗi ɗaya ake naɗewa a sa cikin ƙullun. Da ƙarfe goma sha biyun dare ya buga, maigida ya yanka: kashi na farko na Almasihu, sai na Maryamu, sai na Basil, sai na gida, wasu su ware na matalauci, sannan 'yan gida daga babba zuwa ƙarami, har da wanda ke ƙasar waje. Wanda tsabar ta faɗo a nasa ana cewa shekarar tasa ce. Ofisoshi da ƙungiyoyi da makarantu su ma suna yanka nasu, har cikin Fabrairu. Akwai kuma al'adar fasa rumman a bakin ƙofa da shiga gida da ƙafar dama. Baƙon da addininsa bai yarda da camfin sa'a ba zai iya karɓar rabonsa ya ci a matsayin kek kawai, ba wanda zai tsananta masa.

Su waɗanne abubuwan sha ne masu barasa, don mutum ya gane su?

Uzo shi ne ya fi suna. Fari ne kamar ruwa, ƙamshinsa na yansun, barasarsa ba ta gaza kashi 37.5 cikin ɗari, kuma idan aka zuba masa ruwa ko ƙanƙara sai ya koma launin madara, saboda man yansun ɗin ba ya narkewa a ruwa. Garin Plomari a tsibirin Lesbos ya shahara da shi. Tsipuro daga tuƙar inabi ake tace shi bayan an matse ruwan. A Kirit suna ce masa tsikudiya ko raki. Rakomelo shi ne rakin da aka ɗumama da zuma da kirfa da kanumfari, ana kawo shi da zafi a ƙananan kofuna, kuma shi ne ya fi ruɗar baƙo a hunturu domin a ido da hanci sai ka rantse shayi ne. Tentura ta birnin Patras ita ma kirfa da kanumfari ce cikin barasa. Metaxa burandi ne da aka fara yi a Piriyas a 1888.

Wanda ya fi buƙatar lura shi ne mastiha. Asalinta ƙaro ne mai ƙamshi, halal ne, amma idan ka ga sunan a jerin abin sha, ko aka kawo maka ɗan kofi mai sanyi kyauta bayan cin abinci, to barasa ce da aka yi da ƙaron. Girkawa na yawan yin wannan kyautar, suna kiranta kerasma. Ɗora hannu a ƙirji da cewa "efharisto" ya isa, sau da yawa sai a musanya maka da 'ya'yan itace ko halawa.

Wane irin abu ne koktel na gwaninta da Atina ta yi suna a kai?

Koktel haɗi ne na abubuwan sha iri-iri a kofi ɗaya. Na gwaninta shi ne wanda mai haɗawar ke dafa ruwan sukarinsa da kansa, ya matse lemunsa a take, ya jiƙa ganyayensa, ya auna komai da ma'auni. Wuraren Atina irin su Baba au Rum da aka buɗe a 2009 da The Clumsies na 2014 sun sha shiga jerin mashaya hamsin da suka fi fice a duniya. Abin da ya ɗaga su shi ne komawa ga kayan ƙasarsu: ƙaron mastiha, za'afaran na Kozani, zumar tsaunuka, ɓaure, rumman, ɗan ƙaramin lemun nan kumkwat na tsibirin Korfu, da ganyen shayin dutse.

Yawancin waɗannan haɗe-haɗen da barasa ake yinsu. Sai dai fasahar kanta, wato daidaita zaƙi da tsami da ɗaci da ƙamshi, ba ta dogara da barasa ba, kuma yanzu da wuya ka samu babban gidan abinci a Atina ko Tasalonika da ba shi da jerin haɗi marasa barasa. Mai tambaya ya ƙara da cewa kada a ɗiga masa bitas, domin waɗannan 'yan ɗigon ɗacin su ma cikin barasa ake jiƙa su, kuma masu haɗawa kan manta.

To me marar shan barasa zai sha a wannan sanyin?

Salepi ne sarkin titi a hunturu. Garin saiwar wani fure ne da ake damawa da ruwan zafi ya yi kauri, a barbaɗa kirfa da citta. Masu turin keke ke sayar da shi da sassafe da dare. Wanda ya zauna a Masar ko Turkiyya ya san shi da sahlab ko salep. Akwai shayin dutse, tsai tu vunu, da ake dafa busasshen reshen gaba ɗaya da furensa a sha da zuma, shi ne maganin murar kowace tsohuwa a ƙasar. Akwai gahawar Girkawa da ake dafawa a ɗan ƙaramin briki: sketos ba sukari, metrios matsakaici, glikos mai zaƙi. Sumada ruwan almon ne na tsibiran Lefkada da Kirit, ana shansa da sanyi ko da ɗumi. Yara kuma na son ipovrihio, cokali ɗaya na farin alawar mastiha da ake nutsawa cikin kofin ruwan sanyi ana lasa.

A gida, ga haɗi biyu da suka ɗauko ɗanɗanon bikin. Na ɗumi: a tafasa zoɓo da sandar kirfa da kanumfari huɗu ko biyar da ɓawon lemon zaƙi, a tace, a sa zuma bayan an sauke, a ƙara ruwan lemun. Na sanyi: ruwan rumman kashi biyu, shayi mai ƙarfi da ya huce kashi ɗaya, lemon tsami da zuma rabin kashi kowanne, a girgiza da ƙanƙara cikin kwalba mai murfi, a tace a kofi, a cika da ruwan soda, a murza ganyen na'a-na'a a tafin hannu a ɗora. A fara narkar da zumar da ɗan ruwan ɗumi, don in ta haɗu da ƙanƙara kai tsaye daskarewa take yi a gindin kwalba.

Ita mastihar, daga ina take, kuma me ya sa take da tsada?

Daga kudancin tsibirin Kiyos kaɗai ake samunta ta kasuwanci, a ƙauyuka 24 da ake kira Mastihohoriya. Da bazara manoma ke share gindin bishiyar su shimfiɗa farar ƙasa, su tsattsaga ɓawon, ƙaron ya riƙa ɗiga yana bushewa. Sai a tsince, a wanke, sannan mata su zauna duk tsawon hunturu suna kankare kowane ɗigo da 'yar wuƙa. Wannan aikin hannun ne tsadar. Hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin jerin al'adun duniya a 2014. Mutanenmu na Sudan sun san ta da mistika, tana shiga turaren wuta da girki, kamar yadda take a Masar. Don girki, ƙwaya biyu ko uku sun isa: a sa su a firiza su daskare, a daka da ɗan sukari don kada su manne wa turmi. In ta yi yawa ɗaci take kawowa.

Idan an gayyace ni gida, me zan kai, yaya zan yi?

Kwalin kayan zaƙi daga shago shi ne tsarabar da aka saba. Gaisuwar da ta dace da kowace rana ita ce "hroniya polla", fatan shekaru masu yawa. Ta sabuwar shekara "kali hroniya". Ka sanar da uwargidan tun kafin ranar cewa ba ka cin alade ba ka shan giya. Za ta fi jin daɗin haka a kan ta ga ka zauna kana tsakurar burodi, kuma mai yiwuwa ka tarar ta gasa maka kaza ko kifi daban, ga cukun feta na madarar tumaki da awaki, ga fanken alayyahu na spanakopita. Abincin rana ba ya farawa kafin ƙarfe biyu, yakan kai magariba, saboda haka ka tsara sallolinka tun daga gida. Shaguna na rufe a ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 da 6 ga Janairu, kuma da yawa ba sa buɗewa ranar 2 ga Janairu, don haka mai buƙatar naman halal ya yi cefanensa da wuri.